Man Fuska Haɗin Gida ga Mai Maiƙo da Ƙuraje: Wanne Za a Zuba a Kwalba?

Wanda fuskarsa ke ƙyalli tun rana ba ta take ba, ga ƙuraje ba sa barin goshi da haɓa su huta, idan aka ce masa ya shafa mai, gani zai yi ana kukan targaɗe an kawo masa karaya. Tsoron nasa ba na banza ba ne. Akwai man da in ya yi 'yan makonni a irin wannan fuska sai ƙurajen sun ƙaru. Akwai kuma wanda zai kwanta lafiya, ya rage ɗaurewa da bushewar da sabulu da maganin ƙuraje ke bari, bai ƙara ko ƙurji ɗaya ba. Bambancin yana cikin abin da man ya ƙunsa, da kuma halin da yake ciki ranar da aka shafa shi.

Tun da wuri a san cewa a cikin mayukan da za a ambata babu wanda zai warkar da ƙuraje shi kaɗai. Yawan maiƙo aikin sinadaran jiki ne na homon, musamman waɗanda ake kira andirojin, su ke zuga 'yan jakunkunan da ke samar da maiƙo a gindin gashi. Maganar da ke yawo cewa shafa mai yana yaudarar fata ta daina fitar da nata ba ta da hujja mai ƙarfi. Abin da ake nema a nan shi ne mai mara nauyi wanda zai taimaki fata, ba zai toshe ta ba, ba kuma zai lalace a kwalba kafin a yi amfani da rabinsa ba.

Ma'aunan da za a ɗora kowane mai a kai

Na farko shi ne irin kitsen da ke cikin man. Yawancin man tsirrai haɗuwa ce ta sinadaran kitse, kuma biyu ne suka fi shafar fuska: linoleyik da oleyik. Mai yawan linoleyik yakan zama tsinkakke, yana shigewa da wuri. Mai yawan oleyik ya fi kauri da santsi, yana daɗewa a saman fata. Tun shekarun 1980 masu bincike suka lura cewa maiƙon masu ƙuraje yana da ƙarancin linoleyik idan aka kwatanta da na waɗanda ba su da su, kuma ana ganin wannan ƙarancin yana taimakawa wajen sa matattun ƙwayoyin fata su manne a bakin ƙofar gashi su toshe ta. A 1998 wani ɗan ƙaramin bincike ya nuna shafa linoleyik na wata ɗaya ya rage girman ƙananan toshewar da kusan kashi 25 cikin 100. Sai dai tsantsar sinadarin aka shafa a wannan gwajin, ba man tsiro ba, don haka a ɗauke shi a matsayin manuniya kawai.

Na biyu shi ne yiwuwar toshe ƙofofin fata. Nan ne za a ci karo da jadawalin nan mai lamba daga 0 zuwa 5, wanda masu sayar da mai ke son kafa hujja da shi. Asalinsa gwaje-gwaje ne da aka fara a shekarun 1970 a cikin kunnen zomo, likitocin fata irin su Albert Kligman, daga baya James Fulton, suka yi fice a kansu. Ana shafa sinadari a cikin kunnen na makonni, a duba ko ƙofofin gashi sun toshe. Matsalar ita ce kunnen zomo ya fi fuskar mutum saurin toshewa, kuma jerin lambobin da ake kwafa daga wannan shafi zuwa wancan ba su ma yi ittifaƙi da juna ba. A 2006 an sake nazarin batun a fatar mutane, aka ga kayan shafa da ke ɗauke da sinadari mai babbar lamba ba lallai su toshe fata ba, ya danganta da yawansa a cikin haɗin. A ganina jadawalin yana da amfani a ƙarshensa na sama kaɗai. Abin da ya sami 4 ko 5 a guje shi. Amma gardama tsakanin mai lamba 1 da mai lamba 2 ɓata lokaci ce.

Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne daɗewa. Kuma nan ne zaɓin ke yin wuya, domin linoleyik ɗin da ake nema shi ne mafi saurin lalacewa idan ya haɗu da iska da haske da zafi. Man da ya fi dacewa da ƙofofin fata shi ne mai gajeren rai, wanda kuma ke shekaru bai canza ba yawanci ba shi da linoleyik ɗin. Lalataccen mai ba wari kaɗai yake yi ba, yana fusata fata. Ko maiƙon da jiki ke yi da kansa, idan sinadarin sikwalin da ke cikinsa ya lalace da iska da rana, yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa toshewa.

Sauran biyun su ne kuɗi da haɗari. A wajen kuɗi kar a tsaya kan farashin kwalba, a duba nawa za a yi amfani da shi kafin ya lalace. Fuska ɗigo biyu zuwa uku take ci a dare, saboda haka kwalba mai mililita 30 tana iya kai wa wata shida ko fiye. Babbar kwalba mai araha da za a zubar da kashi uku cikin huɗu nata ba araha ba ce. Haɗari kuwa shi ne ƙaiƙayi, ja, kumburi. Ga mai duhun fata wannan ma'auni ya fi nauyi, domin duk abin da ya ƙona ko ya fusata fatar yakan bar baƙin tabo da ke watanni bai goge ba, wani lokacin ya fi ƙurjin da ake gudu daɗewa.

Jojoba

Shi ne wanda aka fi ba sabon shiga shawara a kai, kuma da dalili. Ana samunsa daga 'ya'yan wani ɗan daji da ke tsiro a hamadar Sonora, tsakanin kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko. Ko da yake ana kiransa mai, a haƙiƙa kaki ne mai ruwa-ruwa, kusan dukkansa irin sinadarin nan ne da ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na maiƙon fatar mutum. Shi ya sa yake kwanciya a fuska ba tare da ya yi naso sosai ba.

Babban ƙarfinsa daɗewa. Yana iya shekara biyu ko fiye a kabad bai yi wari ba, ba ya buƙatar firji, kuma idan aka haɗa shi da mai mai saurin lalacewa haɗin yakan ɗan ƙara kwana. In sanyi ya yi ƙarfi yakan daskare ko ya yi gizo-gizo, wannan ba lalacewa ba ce, da an ɗumama kwalbar a tafin hannu zai koma yadda yake. Mai launin zinariya shi ne wanda ba a tace sosai ba, fari kar kuma tacacce ne, dukansu suna aiki.

Rauninsa shi ne linoleyik ɗinsa bai taka kara ya karya ba. Wanda ke neman mai don ya taimaka wa toshewa ba zai sami wannan a jojoba ba. Hujjar da ake kawowa cewa yana rage ƙuraje ta fi jingina ga wani bincike da aka yi a Jamus a 2012, inda mutane suka riƙa shafa laka haɗe da jojoba na mako shida suka ce ƙurajensu sun ragu. Amma ba a kwatanta su da wani rukunin da bai shafa ba, kuma ba za a iya raba aikin lakar da na man ba. Ta fuskar kuɗi yana tsaka-tsaki zuwa tsada, sai dai da yake ba a zubar da shi, ana cin kuɗin har ɗigon ƙarshe. Tsadarsa ta sa wasu ke sirka shi da mai mai araha. Jojoba na gaske ƙamshinsa kaɗan ne ƙwarai, in aka ji yana ƙamshin man girki a yi shakka. Ba kasafai yake jawo ƙaiƙayi ba, amma akwai 'yan tsirarun da ke ganin ƙananan ƙuraje bayan sun fara shi.

Man irin inabi da man sunfulawa

Waɗannan biyun na haɗa su domin aikinsu kusan ɗaya ne, kuma su ne masu araha a cikin jerin.

Man irin inabi ana matso shi daga 'yan ƙwallayen da suka rage bayan an matse ruwan inabi. Linoleyik ɗinsa yakan kai kashi 65 zuwa 75 cikin 100. Tsinkakke ne, ba ya ƙamshi, in aka murza ɗigo ɗaya a bayan hannu cikin 'yan mintuna sai a ga wurin ya yi laushi ba ƙyalli. Ga fuska mai tsananin maiƙo wadda ba ta son jin komai a kanta, da wuya a sami wanda ya fi shi sauƙi a cikin mayukan da ake matsowa. Da yake man da ke cikin ƙwallon kaɗan ne, yawancin wanda ke kasuwa da sinadarin narkarwa ake fitar da shi sannan a tace. Wanda aka matse ba tare da zafi ba yakan yi kore-kore, ya fi tsada, ya fi kuma saurin lalacewa. Bayan buɗe kwalba a ba shi kamar wata shida, in wurin ajiya da zafi ma bai kai haka ba.

Sunfulawa kuwa tana da tarko, kuma da yawa sun faɗa. Iri biyu ne ya kamata a bambance. Akwai na asali mai linoleyik kashi 60 zuwa 70, akwai kuma wanda aka inganta don suya, mai oleyik kashi 80 ko fiye, domin ya jure zafi ya daɗe a kanti. A ido ba za a bambanta su ba. Sai an juya kwalba an karanta bayanin kitsen: in kitsen da ake rubutawa da polyunsaturated shi ya fi yawa, shi ne na fuska, in monounsaturated ne ya yi rinjaye, ko an rubuta high oleic, a bar shi. Na linoleyik ɗin yana da shaidar da ta fi ta yawancin mayukan da ake kururutawa. A 2013 masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila sun sa manya sun riƙa shafa man zaitun a hannu ɗaya, man sunfulawa a ɗayan, na mako huɗu. Man zaitun ya raunana garkuwar fata har ya jawo ɗan ja, sunfulawa kuwa ta bar garkuwar lafiya ta ƙara danshi. Ba a kan ƙuraje aka yi gwajin ba, amma ga wanda magani ya busar masa da fuska wannan shi ne ainihin abin da yake buƙata. A gwajin kunnen zomo ma sifili ta samu. Ta ɗan fi man inabi nauyi. Wanda furanni irin na dangin sunfulawa ke tayar masa da borin jini ya yi hattara da ita.

Man irin wiwi da man rozhip

Na farkon sunansa yana tsorata mutane, amma daga iri ake matso shi, kuma sinadarin da ke bugarwa ba a cikin irin yake ba. Kore ne, yana ƙamshin ciyawa. Linoleyik ɗinsa kashi 50 zuwa 60, ga kuma wani ɗan'uwansa, alfa-linolenik, kusan kashi 20. A takarda shi ne cikakken man fata mai ƙuraje, kuma shigewarsa da sauri take. A aikace shi ne mafi wahalar riƙo. Firji yake so tun ranar da aka buɗe shi, kuma ko a firjin 'yan watanni ne. Wanda ba shi da tabbacin sanyi kullum kar ya ɓata kuɗinsa. Dokar ƙasashe a kan duk abin da ya fito daga wannan tsiro ta bambanta, a tabbatar da ta inda ake zaune kafin a saya ko a yi tafiya da shi.

Rozhip kuma man irin 'ya'yan wardin daji ne, mafi yawansa daga Chile ake kawowa. Ja-ja ne, yana da linoleyik da alfa-linolenik masu yawa, shi ma ba ya wuce wata shida da buɗewa, kuma yana cikin masu tsada. An fi sayensa don tabo. Ana tallarsa kamar yana aikin magungunan ritinol, na gyaran fata masu dangantaka da bitamin A, wannan zuzutawa ce, abin da ke cikinsa na wannan dangi kaɗan ne. Na fi ganin dacewarsa ga wanda ƙurajensa suka lafa, saura tabo, fiye da wanda fuskarsa ke cike da ɗanyun ƙuraje. Argan na Maroko, wanda ake yawan jerawa tare da su, oleyik ɗinsa ya fi linoleyik yawa. Mai ne mai kyau, amma ya fi dacewa da fuskar da maiƙonta a hanci da goshi kaɗai yake, kumatu a bushe.

Sikwalen

Wannan ba a matse shi a gida, kuma mai tsattsauran ra'ayin sai na asali zai ce ba ya cikin lissafi. Na sa shi ne domin yana toshe wani giɓi da sauran ba su iya ba. Kusan kashi 12 cikin 100 na maiƙon fata sikwalin ne, wanda ke saurin lalacewa. Idan aka ƙara masa haidirojin sai ya zama sikwalen, wanda iska ba ta cinsa. A jikin kwalba za a ga an rubuta squalane, a kula da harafin a ɗin nan na tsakiya. A da daga hantar kifin shak ake samo shi, yanzu mafi yawansa daga rake ne ko zaitun. Ba launi, ba ƙamshi, ya fi kowanne sauƙi a fata, yana shekara biyu bai lalace ba, kuma shi ne mafi ƙarancin jawo ƙaiƙayi. Ba shi da linoleyik ko kaɗan. Kuɗinsa ya ɗara na inabi da sunfulawa nesa ba kusa ba.

| Mai | Linoleyik | Nauyi a fata | Daɗewa bayan buɗewa | Kuɗi | Abin lura |
|---|---|---|---|---|---|
| Jojoba | Kaɗan ƙwarai | Matsakaici | Shekara 2 ko fiye | Matsakaici zuwa tsada | Ana sirka shi |
| Irin inabi | Mai yawa sosai | Mara nauyi | Kimanin wata 6 | Araha | Saurin lalacewa |
| Sunfulawa mai linoleyik | Mai yawa | Ɗan nauyi kaɗan | Wata 6 zuwa 12 | Mafi araha | Ana rikita ta da mai oleyik |
| Irin wiwi | Mai yawa | Mara nauyi | 'Yan watanni, a firji | Matsakaici | Sanyi da doka |
| Rozhip | Mai yawa | Mara nauyi | Kimanin wata 6 | Tsada | Ya fi dacewa da tabo |
| Sikwalen | Babu | Mafi sauƙi | Kimanin shekara 2 | Tsada | Aikin masana'anta ne |

Waɗanda ake ɗigawa a ciki

Man ti-tiri, wanda ake rubutawa tea tree, shi ne a cikin duk waɗannan ya fi samun gwajin asibiti kai tsaye a kan ƙuraje. Daga ganyen wata bishiya ta Ostireliya ake turara shi a fitar. A 1990 an gwada shi a can kan mutum 124, aka kwatanta jel mai kashi 5 cikin 100 na ti-tiri da maganin benzoyil peroksaid mai kashi 5. Dukansu sun rage ƙuraje. Ti-tiri ya fi jinkirin fara aiki, amma bushewa da zafinsa sun fi sauƙi. Wani gwajin a Iran a 2007 ya nuna ya fi jel ɗin da ba komai a ciki. To amma jel ne da aka auna aka haɗa, ba tsantsar man ba. Tsantsarsa yana ƙona fata. A haɗin da za a shafa wa fuska duka a tsaya kan kashi 1 cikin 100, wato kamar ɗigo 6 a mililita 30. Tsohuwar kwalbar ti-tiri da ta sha iska ta fi sabuwa jawo borin fata, don haka ƙarama ake saya a rufe ta ram. Guba ne in aka sha, a nesanta shi da yara, haka kuma da kyanwa da kare.

Man habbatus sauda yana da linoleyik fiye da rabi, ga sinadarin timokwinon mai rage kumburi, amma yana da zafi, kuma likitoci sun rubuta labarin waɗanda ya tayar wa fata har ta yi bororo. In za a sa, kar ya wuce kashi ɗaya cikin goma na haɗin. Man dogonyaro kauri da wari sun yi masa yawa a fuska duka, iyakarsa a sirka a ɗan taɓa kan ƙurji. Man ɓawon lemo kuwa, musamman lemon tsami da bagamot waɗanda aka matse, a cire su daga lissafi gaba ɗaya. Suna ɗauke da sinadaran da in rana ta same su a fata sai su ƙona ta su bar baƙin shaci. Haka man kirfa da kanumfari, sun yi wa fuska zafi.

Man kwakwa na buƙatar jimla biyu domin yawan masu yabonsa. Gaskiya ne kusan rabinsa sinadarin lorik ne, wanda ke kashe bakteriyar ƙuraje a ɗakin gwaji, amma a fuska mai maiƙo toshewar da yake yi ta rinjayi wannan amfani, kuma 4 ya samu a jadawali, daidai da man koko, wanda ake rubutawa cocoa butter. Man zaitun an riga an ga abin da ya yi. Man kaɗanya ba ya cikin masu mummunar lamba, nauyi ne ya yi wa irin wannan fuska yawa. Kuma wanda ƙurajensa suka yi layi a bakin gashin goshi ya duba man da yake shafa wa kansa tukuna, domin yakan gangaro, ya kuma manne a matashi.

Yadda haɗin yake a aikace

Kwalbar gilas mai duhu, mililita 30, mai murfin ɗigo. A wanke ta, a ɗauraye da sifirit, a kife ta har sai ta bushe ƙarau, domin ɗigon ruwa ɗaya a cikin mai ya isa ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. Saboda wannan dalilin ne ba a zuba ruwan wardi ko ruwan alobera a cikin haɗin, kuma in za a jiƙa wani ganye a mai, busasshe ake sa wa, ɗanye fumfuna yake kawowa. Bitamin E yana jinkirta lalacewar mai, ɗigo uku sun isa, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. A manna takarda a rubuta ranar haɗawa.

Haɗi mafi ma'ana a wurina shi ne mililita 20 na inabi ko sunfulawa da mililita 10 na jojoba: ɗaya ya kawo linoleyik, ɗaya ya kawo juriya. Amma kar a fara da haɗi. A fara da mai ɗaya tak, in ba haka ba idan fata ta tayar ba za a san mai laifi ba. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka tana ba da shawarar a gwada sabon abin shafa a ɗan wuri, kamar cikin gwiwar hannu, sau biyu a rana na kwana 7 zuwa 10. Wannan zai nuna ƙaiƙayi. Toshewa kuwa ba ta bayyana da wuri haka, sai an koma gefen muƙamuƙi an shafa na mako uku zuwa huɗu ana lura.

Da dare ake shafawa, bayan wanke fuska, tana da sauran danshi. Ɗigo biyu a tafi, a murza, a danna a kumatu da goshi, ba a goga ba. In bayan minti goma fuskar na ƙyalli, an yi yawa. Duk mako a ɗiga ɗaya a bayan hannu a sunsuna. Da zarar an ji wari irin na tsohon fenti, ko bakin kwalbar ya fara danƙo, a zubar, ko da rabi ya rage.

Wa zai ɗauki wanne

Mai tsananin maiƙo da ƙananan toshewa masu farin kai da baƙin kai, wanda ke da wuri mai sanyi na ajiya, ya fara da man irin inabi a ƙaramar kwalba. In kuɗi ne matsalar, sunfulawa mai linoleyik za ta yi masa kusan aiki ɗaya, muddin ya karanta bayan kwalbar.

Wanda ke zaune inda zafi ya yi yawa, ko mai yawan tafiya, ko wanda ya san kansa da mantuwa har kwalba ta yi wata uku bai taɓa ta ba, jojoba ne nasa. Gara man da bai yi abin mamaki ba a kan wanda ya lalace ba a sani ba ana ta shafawa.

Wanda ke kan magani irin su adafalin ko benzoyil peroksaid, fuskarsa na saɓa tana zafi, sikwalen ko sunfulawa zalla, ba ti-tiri, ba habbatus sauda, ba wani abu mai ƙamshi. Maganin ake fara shafawa, ya bushe, sannan mai. Mai juna biyu kuma ta nemi shawarar likita kafin ta sa kowane mai mai ƙarfin ƙamshi a haɗinta, kamar yadda ake hana ta magungunan dangin ritinol.

Mai 'yan ƙuraje ja jefi-jefi da ke son ya gwada abu na tsiro zai iya ƙara ti-tiri kashi 1 a jojoba, ya ba shi mako shida zuwa takwas kafin ya yanke hukunci. Wanda ƙurajensa suka mutu saura tabo zai iya gwada rozhip, amma in ba ya shafa man kariya daga rana da safe, tabon zai ci gaba da duhu komai tsadar man dare.

Akwai kuma rukuni biyu da ya kamata su ajiye kwalbar. Na farko su ne masu ƙananan ƙuraje masu kai ɗaya, masu ƙaiƙayi, a goshi da ƙirji da baya, waɗanda zufa ke ƙara tayarwa. Sau da yawa wannan aikin wani yis ne, wato dangin fumfuna, mai suna Malassezia, wanda abincinsa shi ne irin kitsen da ke cikin kusan duk man tsirrai, har da inabi da sunfulawa. A jerin nan sikwalen kaɗai ne ba ya ciyar da shi, kuma maganinsa daban ne da na ƙurajen da aka saba. Na biyu su ne masu manyan ƙuraje masu zurfi da zafi, waɗanda ke barin rami in sun warke, da kuma wanda ƙurajensa suka ɓarke bayan amfani da man shafawa mai sitiroyid. Waɗannan likitan fata ya kamata ya fara ganinsu, shi zai faɗa ko akwai wurin mai a cikin tsarin maganinsu da kuma lokacin da za a sa shi.